Gwaggo da Ginin Ubanta

Daga Allah muke, gare shi kuma za mu koma. Gwaggona, yayar mahaifina, wadda ta ɗauke ni riƙo tun daga yaye, ta rasu a ɗakinta a Daura da hantsin wata Laraba, aka kai ta makwancinta bayan azahar.

Kafin maza su dawo daga maƙabarta gidan ya cika. An shimfiɗa tabarmi tun daga bakin rijiya har ƙofar madafa, duk da haka wasu a tsaye suka yi gaisuwa. Akwai dangi, akwai maƙwabta, amma mafi yawa matan da Gwaggo ta koya wa karatu ne, wasu da jikokinsu a baya. Kowace ta shigo sai ta durƙusa ta yi mana ya haƙuri, ta yi addu'a, ta nemi wuri. Da an ɗan yi shiru kuma sai wata ta ɗauko zancen tsohon banki. Ban ga zaman da aka tashi ba a ambace shi ba.

Ina raba ruwa na ji wata dattijuwa tana ce wa ta kusa da ita, murya ƙasa-ƙasa, ai tun ranar da aka rushe ginin nan Hajiya ba ta sake zama daidai ba. Ɗayar ta girgiza kai ta ce abin da ya fi ciwo, ɗan cikinta ne ya tsaya a kan aikin. Yaya, ɗan Gwaggo na fari, yana zaune a rumfar ƙofar gida yana karɓar gaisuwa, katanga ɗaya ce tsakaninsa da su. Na san matan nan za su koma gida su faɗa wa mazajensu, mazan kuma gobe za su zo su miƙa masa hannu da wannan magana a cikinsu. Na buɗe baki zan yi magana, na ga ba wurinta ba ne, na wuce da butar a hannuna.

Washegari kuma gardama ce ta tashi a kan tabarma. Wata ta ce ginin fari ne, wata ta rantse ruwan ɗorawa ne. Wata ta ce ƙofarsa gabas take kallo, aka ce mata a'a. Sai wata budurwa, jikar maƙwabciyarmu, ta tambaya wai a ina ma bankin yake. Kullum ta gaban wurin take wucewa zuwa makaranta, har cajin waya take kaiwa a ɗaya daga cikin shagunan da aka gina a kansa. Na zauna ina ƙoƙarin tuna launin da kaina, na ga ni ma ina kokwanto. Tun daga ranar nake jin tsoro. In gini mai wannan girma zai fita daga idon mutane da wuri haka, to tsohuwar da ta ƙare rayuwarta a cikinsa fa? Kuma in za a tuna ta, da wane labari? Shi ya sa na zauna rubuta wannan.

Abin da na sani game da asalin ginin daga bakin Gwaggo na ji shi, yawanci kaina na kan cinyarta tana min kitso, tana jan gashin kamar da gayya.

Asalinsa ba banki ba ne. Kantin wani kamfanin Turawa ne mai sayen gyaɗa da fatu, a wajen gari, gefen hanyar manyan motoci. Kakanmu, mahaifin Gwaggo, magini ne, shi aka ba aikin. Baturen kamfanin yana son dutse da rufin kwano irin wanda ya gani a Kano. Kaka ya ce kwano zai dafa gyaɗar da masu awonta idan bazara ta yi. Suka yi ta ja ta bakin tafinta har suka raba ginin a tsakaninsu. Gaban na Bature ne: dutse da jakuna suka yi ta jigila, da doguwar baranda mai ginshiƙai. Cikin na Kaka ne: bangon tubali mai kaurin da yaro zai kwanta a bakin taga ya yi barci, da rufin daurin guga, wato bakan gizo ya taso daga kowane bango su haɗu a tsakiya, a jera azara a tsakani, a shafe da ƙasa. Da aka gama sai Bature ya sa aka ɗora kwanonsa a bisa soron. Gwaggo ta ce ginin ya fito kamar mutumin da aka kifa wa malafa. Zankwaye ne kawai suka leƙo a kusurwoyi, don Kaka ya ce ko za a fasa aikin ba zai bar gini ba zanko ba.

Tana ƙarama a lokacin, ita ke kai masa fura wurin aiki. Ta ce takan tsaya a ƙasa tana kallonsa can bisa, ana jefa masa curin ƙasa yana cafewa ba tare da ya duba ba.

Tagogin suna can sama, masu murfin katako. Ko a tsakiyar zafi, in ka shiga sai ka ji kamar ka sa kai a randa. Gwaggo takan dafa bangon ta ce, "Taɓa ki ji. Numfashi yake yi."

Da cinikin gyaɗa ya ja baya kamfanin ya tattara, sai banki ya karɓi wurin. Suka gina ɗakin ajiya na sumunti da rodi a baya. Ƙofar ƙarfensa a jirgin ƙasa ta zo Kano, aka ɗauko ta a babbar mota, da ta iso aka ga ba ta inda za ta shiga sai an fasa bango. Kaka ya tsufa a lokacin. Bai je ba, bai kuma ci abinci ba ranar. Aka kafa kanta na katakon maɗaci daga wannan bango zuwa wancan, da ragar tagulla a kansa wadda ake gogewa har ta riƙa ɗaukar ido.

A nan Gwaggo ta sami aikin buga tafireta bayan ta gama makarantar kwana. Ita ce mace ta farko da ta zauna bayan kantan nan, kuma an yi surutu a gari ba kaɗan ba. Kaka ya ce wa masu surutun, a ɗakinsa take zaune, ƙarƙashin rufin da ya ɗaura da hannunsa, wa ya fi shi sanin inda 'yarsa take? Ta yi aure, mijin malamin makaranta, ya rasu da wuri ya bar ta da yara, ba ta bar aikin ba har ta yi ritaya. Kowa ya yi baƙo a Daura rijiyar Kusugu yake kai shi. Gwaggo banki take kai nata, ta tsayar da su a tsakiyar ɗakin ta ce su ɗaga kai.

Tun ina ƙarama na san Gwaggo ba ta sa takalmi a wurin aiki. Da ta shiga sai ta tuɓe ta tura ƙarƙashin tebur. Na ɗauka don sanyin daɓen ne. Sai a zaman makoki na ji dalili, daga bakin wata mata da ba wanda ya san ta, wadda ta taso tun daga garin Babban Mutum da ƙullin gero a leda. Ta ce mahaifinta ne ya taɓa zuwa bankin, karonsa na farko, bayan ya sayar da shanu. Da ya ga ginin, ga baranda ga rufi kamar na fada, sai ya tuɓe takalmansa a bakin ƙofa ya shiga da sallama ya durƙusa. Samarin akawu suka fashe da dariya, har wani ya kira ɗan'uwansa ya zo ya gani. Tsohon ya rasa inda zai sa kansa. Sai wata yarinya ta taso daga kan tafireta, ta zagayo kanta, ta tuɓe nata takalman ta ajiye kusa da nasa, ta durƙusa ta gaishe shi, ta kai shi kujera. Matar ta ce har ya rasu yana ba da labarin nan, kuma ya bar musu wasiyya duk ranar da suka ji mutuwar yarinyar su je. Ta share ido ta ce, "To ga shi na zo."

Ba wai Gwaggo mai sanyi ba ce. Tana da faɗa, tana da kafiya, in ta ce a'a har ta manta dalili ba ta janyewa. Ba ta son a tsallake layi ko a wurin ɗibar tuwo. Kuma tana da alkunya irin ta mutanen da. Yaya ɗan fari ne, saboda haka ban taɓa jin ta kira sunansa ba, ban taɓa ganin ta dube shi ido cikin ido ba, balle ta yabe shi. "Mutumin nan" take ce masa. Ko yana zaune a ɗakin, ni za ta kalla ta ce in tambayi mutumin nan ko ya ci abinci. A al'ada ni da Yaya taubasai ne, wasa ya kamata mu riƙa yi, amma tun ina 'yar firamare na zama 'yar aike tsakaninsa da uwarsa. Ranar da ya gama karatun injiniya ta yanka kaji ta raba wa maƙwabta, da aka tambaye ta murnar me, ta ce kajin ne suka yi yawa.

Bayan ritayarta bankin ya koma sabon gini mai gilashi. Wani attajiri ya sayi tsohon, ya rasu bai yi komai da shi ba, ya zama na magada. Gwaggo ta je ta roƙi mabuɗi, ta buɗe ajin matan aure da zawarawa da yamma. Ba ta son ganin babbar mace da shuɗin tawada a babban yatsa. "Kina da suna," takan ce, "ki rubuta abinki." Kantan maɗacin ya zama teburin rubutu. Ni kuma in na taso daga makarantar da nake koyarwa sai in biya in taya ta.

Shekaru aka yi a haka kafin tsagar ta fito a bangon gabas. Da farko kamar zare, daga baya hannu na shiga. Ni na gaya wa Yaya a ɓoye. Ya zo ranar da ba aji, ya hau tsani ya leƙa tsakanin kwano da soro, ya daɗe, ya sauko fuskarsa ta canza. Ya yi min bayani yadda zan gane. Tun zamanin banki aka shafe bangon ƙasar da sumunti da fenti, danshi ya shiga ba ya fita. Da aka ɗaga titi aka zuba kwalta, ruwan sama ya koma kwanciya a gindin ginin. Kwanon ya huje, ruwa yana zama a kan soron ba mai gani. Gara kuma ta gama da azara. Ya nuna min wani guntu da ya ɓallo, ya murza shi da yatsu biyu ya zama gari.

Da yamma ya zo gida ya durƙusa a bakin ƙofarta ya faɗa mata. Gwaggo tana tsince shinkafa, ba ta ɗago ba. Ta ce da ni, "Tambayi mutumin nan, ranar da aka ɗaura rufin yana ina?"

Yaya ya ce, "Inna, ba aikin Kaka nake rainawa ba. Abin da aka yi wa ginin bayansa ne ya cinye shi. Ki fitar da matan nan kafin damina."

"Ce masa ubana bai yi ginin da zai faɗo wa mutane ba."

"Inna, in ya faɗo ba zai tambayi wanda ya gina shi ba."

Ta ajiye faifan ta tashi ta shige ƙurya. Wata guda ba ta amsa gaisuwarsa sai da kai.

Magadan dama sun daɗe suna son rushewa su yi shaguna, kunyar Gwaggo ce ta hana su. Da ta ji sun sami labarin tsagar sai ta yafa mayafi ta bi gidajen dattawan unguwa ɗaya bayan ɗaya, har sai da suka sa baki aka dakata. Shi kuwa Yaya, ba tare da ya gaya mata ba, ya shiga neman wanda zai gyara. Ya bi ƙauyuka har wajen Mashi yana cigiyar maginin da ya iya daurin guga. Wanda aka nuna masa ya tsufa, idonsa ya tafi, 'ya'yansa kuma bulo kawai suka sani. Ko da an samu ma, magadan sun ce ba za su zuba dukiya a ginin ƙasa ba.

Ban taɓa yin damina irin wannan ba. Ina cikin aji da safe idona na kan taga, da na ga hadari ya haɗo sai hankalina ya koma kan rufin bankin. Kowace yamma in muka buɗe ƙofar sai mu tarar da garin ƙasa a kan tabarmi, in share kafin matan su zo, Gwaggo ta yi kamar ba ta gani ba. Suna maimaita baƙaƙe ni ina sauraron rufi. Wani lokaci in ji ƙas, kamar an taka busasshen kara, in duba fuskokinsu in ga ba wanda ya ji sai ni. Na yi tunanin in bi matan gida-gida in ce su daina zuwa. Na yi tunanin in ɓatar da mabuɗin. Yaya yana kirana a waya ya ce yau ma kun shiga? In ce mun shiga. Sai ya kashe.

Ranar da abin ya faru ko hadari babu. An kwana biyu ana ruwa, rana ta fito tas. Wata ɗalibar ta shimfiɗa zane a gindin bangon gabas ta kwantar da jaririyarta. Yarinyar ta farka da kuka, Gwaggo ta ce wa uwar ta je ta ɗauke ta tana hana mutane ji. Uwar ta ɗauko ta, ta dawo wurinta, ko zama ba ta gama yi ba muka ji ƙara. Wani ɓangaren rufin, ya kai girman turmi, ya faɗo da azararsa daidai kan zanen. Ƙura ta turnuƙe ɗakin.

Ba wanda ya yi ihu, tsoron ya wuce nan. Muryar Gwaggo kawai na ji tana cewa a fita a layi, kar wadda ta yi gudu, masu goyo su fara. Sai da ta ga kowa a waje sannan ta juya ta koma ciki ita kaɗai. Na kira ta, ba ta waiwayo ba. Ina tsaye a barandar, ƙasa na ci gaba da zuba. Can ta fito da zanen a hannu, ta kakkaɓe, ta ninke, ta miƙa wa uwar. Da ta zo kulle ƙofa ta kasa sa mabuɗin. Ni na kulle.

Ta yi kwanaki a ɗaki. Ba ta cin abincin kirki, tana zaune da carbi. Wata safiya ina shirin fita ta kira ni ɗaki, mu biyu kawai, ta sa min mabuɗin a tafin hannu.

"Kai wa mutumin nan. Ki ce ya tsaya a kai da kansa, kar ya bar wa waɗanda ba su san wanda ya gina ba. Kuma a yi kafin a dawo daga hutu, 'yan makaranta suna fakewa a barandar in ana ruwa."

Na ce, "Gwaggo, kin tabbata?"

Ta ce, "Ni na ce a ɗauke yarinyar don tana damuna da kuka. Ba don na san komai ba. Je ki."

Yaya ya karɓi mabuɗin ya daɗe yana juya shi. Ya je ya sami magadan, ya ce zai kula da aikin ba sai sun biya shi ba, da sharaɗin a bi yadda ya ce. Ya sa aka fara da cire kwano. Da malafar ta tashi, soron Kaka ya fito fili, ƙubbarsa da zankwayensa, abin da ba a gani ba tun zamanin Bature. Mutane suka riƙa tsayar da babura suna kallo. Da yawa an haife su sun tsufa a garin ba su san akwai wannan a ƙarƙashi ba. Gwaggo ta ce in samo mata Keke Napep. Muka tsaya a tsallaken titi, ba ta sauka ba. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce haka ta san shi ranar da ta kai fura ta ƙarshe. Yaya yana can tsaye cikin ma'aikata, ya hango mu, bai ƙaraso ba. Da muka koma gida ta dama kunu cike da bokiti ta ce a kai wa masu aiki.

Da hannu aka sauke soron, aka tsince dutsen gaba ɗaya bayan ɗaya. Ɗakin ajiyar ne ya gagara sai da aka kawo katafila. Ƙofar ƙarfen 'yan gwangwan suka saya suka yanka ta. Kafin rani ya yi nisa an fara jera bulo.

Da a nan labarin ya tsaya da ban damu da abin da ake faɗa a tabarma ba.

Mantuwar ta fara da ƙananan abubuwa, gishiri sau biyu a miya, sallar da aka riga aka yi. Sai wata safiya na shiga da koko na tarar ba ta ɗaki. Muka bazu neman ta. A wurin tsohon bankin na same ta, da jakarta ta zuwa aiki, tsaye a tsakiyar titi babura na kauce mata, tana tambayar mutane ina aka kai banki, za ta makara. Kafin in ƙarasa wani mai shayi, da kyakkyawar niyya, ya ce mata, "Hajiya, ai an rushe. Ɗanki ma ya yi aikin."

Na ga yadda fuskarta ta yi. A hanya na yi ta tuna mata: rufin, jaririyar, mabuɗin da ta ba ni da hannunta. Ta fizge hannunta ta ce, "Ƙarya kike yi. Ni zan ce a rushe ginin ubana?"

Duk abin da ya faru a daminar nan ya goge daga kanta, abin da mai shayi ya faɗa kuwa ya zauna daram. Likita ya ce ciwon tsufa ne, ba ya warkewa, mu daina gardama da ita. Ta daina cin abincin da aka kawo daga gidan Yaya. In ya yi sallama sai ta juya fuska bango. Duk wanda ya zo duba ta sai ta gaya masa abin da mutumin nan ya yi mata, tana kuka, kamar yau aka yi. Daga bakinta mutanen gari suka ji, to wa zai ƙaryata? Ni kaɗai ce shaida, ni kuma an san 'yar ɗakin Yaya ce. Na yi ta faɗa har shi da kansa ya hana ni. Ya ce duk lokacin da na tuna mata sabon ciwo nake ji mata, in bar shi ya ɗauka.

Ya ɗauka, amma na ga abin da ya yi masa. Ya rame, hawan jini ya kama shi. Mutum ne mai tsoron fushin uwa tun yana yaro. Ya tambayi malamai, suka ce wanda hankalinsa ya gushe ba a rubuta masa, fushinta ba zai kama shi ba. Ya ji, ya yi godiya, amma bai sami sauƙi ba. Ya taɓa ce min, in har ba ta cikin hankalinta, to ya aka yi hawayen nata na gaske ne? Mu kuma a gida kullum cikin fargaba muke. Mun sa sakata, ta koyi zarewa. Mun ɓoye takalmanta, ta fita ba takalmi. Ko wanka na shiga kunnena na kan ƙofar gida.

Duk da haka bai fasa zuwa ba. Kowace safiya kafin ya tafi aiki zai zo ya zauna a dakalin ƙofar ɗakinta, ya gaishe da bayanta, ya ɗan jima, ya tashi.

A watannin ƙarshe ciwon ya ci gaba. Ta daina zancen banki, ta daina neman fita. Sunaye suka zube, har nawa. Wata safiya ina ba ta koko, Yaya na zaune a wurinsa, sai na ga ta juyo tana kallonsa. Kallo sosai, ido cikin ido, abin da ban taɓa gani ba tun da nake. Na ce a raina yau kuma me za ta faɗa.

Ta taɓa ni ta ce, "Wane ne wannan bawan Allah da ke zuwa kullum?"

In na faɗi gaskiya ina tsoron fushin ya dawo, in na yi ƙarya kuma a gabansa ne. Yaya ya riga ni. Ya ce, "Maƙwabci ne, Hajiya. Gaisuwa nake zuwa."

Ta gyaɗa kai. Ta ce masa ya matso, ya matso har bakin gado. Ta tambaye shi aikin me yake yi, ya ce gini. Ta ce aikin albarka ne, ubanta ma magini ne. Sannan ta ce, "Kana da kirki, yaro. Kullum ina jin sallamarka. Uwarka tana da rai?"

Ya ce tana da rai.

"To ka gaya mata in ji ni, ta haifi ɗa. Allah ya yi maka albarka." Ta juyo gare ni ta ce, "Ke kuma kin bar baƙo haka? Zuba masa koko."

Na zuba. Ya karɓa da hannu biyu, kansa a sunkuye, ya shanye tas tana kallonsa, har tana cewa a ƙara masa ƙosai. Da ya fita na bi shi zaure. Ya jingina da bango. Can ya ce min, "Wannan yafiya ce? Ko maƙwabcin ta sa wa albarka?"

Na ce ban sani ba, Yaya. Har yau ban sani ba. Ba ta sake magana mai tsawo ba bayan wannan, kuma ba a jima ba ta cika.

Allah ya jiƙan Gwaggo, ya yafe mata, ya sanyaya kabarinta, ya haɗa ta da mahaifinta a inuwar da ba ta rushewa. Wanda ya karanta wannan ya sa ta a addu'a. In da hali ya haɗa da Yaya, don shi har yanzu bai sami barci ba.